Sabuwar Kwamfuta Tana Sandarewa: Akwatin Wuta Ne Ko RAM?

Mai kwamfutar: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makonni uku ke nan da na haɗa kwamfutar tebur da hannuna, kuma tun ranar farko take sandarewa sau ɗaya ko biyu a yini. Hoton da ke kan allo yana nan yadda yake, fankoki suna juyawa, amma linzami ba ya motsi, ko fitilar Caps Lock ba ta amsawa, sai na danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Wani lokaci ina tace bidiyo, wani lokaci kuma tana zaune kawai babu abin da take yi. RAM ɗina, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, sanda biyu ne na samfurin DDR4 masu lamba 3600, akwatin wutar kuma, wato fawa saflai, wat 650 ne. Wani da na yarda da saninsa ya ce mini duk sabuwar kwamfutar da ke sandarewa akwatin wutarta ne ya gaza. Kafin in sayi wani, ina son jin ta bakinku.

Mai gyara: Wa alaikumus salam. Wanda ya ba ka shawarar nan bai kauce hanya ba. Na daɗe ina buɗe irin waɗannan kwamfutoci, kuma abin da nake gani kullum shi ne mai haɗawa ya zuba ƙarfinsa a furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da katin hoto, sannan ya ɗauki akwatin wuta da abin da ya rage. Ƙa'idar ATX, wadda masu ƙera akwatunan wuta ke bi, ta daɗe tana iyakance layin bolt 12 tsakanin 11.4 da 12.6, kuma akwatin da ba shi da inganci yakan fita daga wannan iyaka da zarar katin hoto ya fizgi wuta. Wannan fizga ta ƙiftawar ido tana cikin dalilan da suka sa aka fito da ATX 3.0 a 2022. Ka buɗe Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru, na tabbata za ka tarar da saƙon Kernel-Power 41 a jere, sunan kansa ya nuna maka inda matsalar take.

Malama mai koyar da kwamfuta: Malam, ina girmama gogewarka, amma Kernel-Power 41 ba shaida ba ce a kan akwatin wuta. Abin da saƙon ke nufi kawai shi ne Windows ta tashi ta tarar ba a kashe ta yadda ya kamata ba, kuma ɗan'uwan nan da kansa ya ce shi yake danne maɓalli ya kashe ta, don haka dole lambar ta fito ko da akwatinsa lafiya lau yake. Sannan akwatin da aka fi ƙarfinsa yawanci yanke wutar yake yi, allo ya yi baƙi ko kwamfutar ta sake tashi da kanta. A nan kuwa hoto yana nan, wuta tana nan, furosesa ce ta daina amsawa, abin da fitilar Caps Lock ke faɗa ke nan. Ni RAM nake zargi. Lambar 3600 da ke jikin sandar ba ita ce gudun da take tashi da shi ba. Yawancin irinta suna farawa ne a 2133 ko 2400 da bolt 1.2, sai an kunna XMP, zaɓin da ke ɗaga gudun RAM, a cikin BIOS, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, su hau 3600 da bolt 1.35. Ma'aunin DDR4 na hukuma bai wuce 3200 ba, saboda haka duk abin da ya haura nan tura na'ura ne fiye da alkawarin da aka yi, wata ta ɗauka, wata ta ƙi. Ɗan'uwa, ka kunna XMP? Kuma a waɗanne ramuka ka sa sandunan?

Mai kwamfutar: Na kunna shi tun kafin in sa Windows, Malama, don na ɗauka wajibi ne. Ramukan huɗu ne, na sa a na ɗaya da na uku idan aka ƙirga daga wajen furosesa.

Malama mai koyar da kwamfuta: To ka ɗauko littafin madabod ɗinka, wato babban faifan da ake dasa RAM da furosesa a kansa, ka duba. A mafi yawan madabod masu rami huɗu, sanda biyu suna zama ne a A2 da B2, wato na biyu da na huɗu, domin su ne ƙarshen layin. Idan aka bar ƙarshen fanko, siginar takan dawo baya ta gurɓata kanta, kuma abin ya fi tsanani idan gudun ya yi sama.

Ɗalibi: Ina neman afuwar manya, amma ba zai yiwu zafi ba ne? Na taɓa ganin wanda ya manta bai ɓare ledar da ke ƙasan na'urar sanyaya furosesa ba. Ko kuma a sake sa Windows a huta.

Malama mai koyar da kwamfuta: Tambayarka tana kan hanya, kuma duba zafi minti biyu ne. Sai dai furosesar zamani idan ta kai wajen digiri 95 ko 100 rage gudu take yi, in abin ya ƙi ta kashe kanta, kuma wuya ne zafi ya kama kwamfutar da ke zaune. Sake sa Windows kuwa zai cinye yini guda bai koya mana komai ba. Ya fi sauƙi a tashe ta da Linux, wata babbar manhaja madadin Windows, daga filashi, idan ta sandare a can ma, an wanke Windows.

Mai gyara: Na karɓi gyara a kan lamba 41, Malama, gaskiyarki ce. Amma ban yarda cewa sandarewa a zaune tana wanke akwatin wuta ba. Lokacin da Intel ta fito da Haswell a 2013, furosesar tana shiga barci mai zurfi har abin da take ja ya sauka zuwa amfiya 0.05, kuma tsofaffin akwatuna da dama ba su iya riƙe wuta daidai a wannan ƙarancin ba. Ryzen na farko, furosesar kamfanin AMD, a 2017 ma an sha kukan sandarewarsa a zaune, musamman a Linux, har aka ƙara zaɓin Power Supply Idle Control a BIOS. Akwatin wuta yana iya gazawa a ƙasa kamar yadda yake gazawa a sama, kuma lalatacciyar wuta tana iya sa RAM mai lafiya ya riƙa kuskure.

Malama mai koyar da kwamfuta: Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban musa ta ba. Inda muka rabu shi ne kalmar "duk", da kuma abin da za a fara da shi. Gwada RAM ba ya cin komai sai dare ɗaya: a sa MemTest86, shirin gwada RAM, a filashi, a bar shi ya cika zagayensa huɗu, kuskure ko guda ɗaya ne ya isa hujja. Gwada akwatin wuta kuwa sai an samo wani an kwance wayoyi duka. Abin da nake roƙo shi ne ya canja abu ɗaya a lokaci guda, ya rubuta abin da ya gani.

Mai kwamfutar: Na dawo bayan kwana huɗu. Daren farko na gwada ba tare da na taɓa komai ba, kafin zagaye na biyu ya ƙare allon ya nuna jajayen layukan kuskure. Littafin ya tabbatar da A2 da B2, sai na mayar da sandunan can, na danna har ƙugiyar ta yi ƙara, na kuma sauke gudun zuwa 3200. Zagaye huɗu sun wuce babu kuskure, zafi bai haura digiri 70 ba, kuma kwana uku ke nan ba ta sandare ba.

Mai gyara: Madalla, na janye "duk". Amma kwana uku ba su isa a sallami akwatin ba, don MemTest86 ba ya matsa wa katin hoto. Ka ɗora wa furosesa da katin nauyi tare na awa guda, sannan ka bar ta a kunne ta kwana a zaune.

Malama mai koyar da kwamfuta: Ina goyon bayan wannan gwajin. Sai dai, ɗan'uwa, abu biyu ka canja lokaci guda, ramuka da gudu, don haka har yanzu ba mu san wanne ne ya yi maganin ba, kuma mai yiwuwa sandunan za su ɗauki 3600 yanzu da suke mazauninsu.

Mai kwamfutar: Haka ne, Malama, na yi gaggawa. Yau da dare zan mayar da 3600 a sababbin ramukan in sake zagaye huɗu, gobe kuma in yi gwajin nauyin da Malam ya ce, in sha Allahu, sannan in kawo muku sakamakon kowanne daban.