Wai taransifoma mai naɗi biyu ɓarnar jan ƙarfe ce?

Mai Naɗin Koyil: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni dai ina kan bakana, oto-taransifoma ta fi ta gargajiya mai naɗi biyu. Naɗi ɗaya ne tak a jikin ƙarfen, ka ciro waya daga inda kake so, ka samu wutarka. Me zai sa a yi firamare (naɗin shiga) daban, sakandare (naɗin fita) daban?

Injiniya: Wa alaikumus salam Malam. A batun jan ƙarfe ka yi gaskiya. Daga bolt 230 zuwa 115, rabin wayar ta gargajiya ya ishe ta. Idan kaya na jan amfiya 10, 5 ne ke shigowa daga layi, sashen da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kansa kuma 5 kawai yake ɗauka. Ba ta da nauyi, asarar wutarta kaɗan ce. Amma gwada saukar da 11,000 zuwa 400 ka gani. Ragin jan ƙarfen da za ka samu bai kai kashi 4 cikin ɗari ba.

Mai Naɗin Koyil: Ko kaɗan ne ai riba ce, Injiniya.

Malamar Lantarki: A'a Malam, wannan ribar da ran mutum ake sayenta, kuma nan ne abin ke damuna. A ta gargajiya babu wayar da ta haɗa shiga da fita, maganaɗisun ƙarfen ne kaɗai ke tsallakar da wuta. A oto kuwa kayanka a haɗe suke da layi kai tsaye. Idan sashen tarayyar nan ya tsinke, wutar shiga gaba ɗaya za ta faɗa wa abin da ka jona. Ko ba a tsinke ba, a juya layif (wayar da ke ɗauke da wuta) da nutural (wayar da wutar ke komawa ta ciki) a wurin jonawa, mita za ta nuna maka 115 tsakanin wayoyin biyu, alhali ɗayarsu tana ɗauke da 230 tsakaninta da ƙasa. Ɗalibaina nakan sa su auna wannan da kansu, don in ba su gani a mita ba ba sa yarda.

Ɗalibi: Malama, to me ya sa manyan tashoshi ke amfani da ita?

Injiniya: Saboda can tazarar da ke tsakanin wutar shiga da ta fita ba ta da yawa. A Birtaniya da ita ake haɗa layin kilobolt 400 da na 275. Haka wajen tada manyan mota, wato injinan da wutar lantarki ke juyawa, akan fara da kashi 50, 65 ko 80 cikin ɗari na wutar kafin a sake ta duka. Variac ma, na'urar da ake murzawa a ɗakin gwaji don ƙara ko rage wuta, oto ce. Sai dai a tuna, da yake ba ta tare wuta sosai, idan aka samu shot, wato wayoyin wuta suka haɗe, abin da zai kwararo ya fi na ta gargajiya yawa, dole buraka, na'urar da ke katse wuta, ta kasance mai iya tsinke shi.

Mai Naɗin Koyil: Maganar juya layif da nutural ta shige ni, Malama, ban taɓa aunawa da ƙasa ba. A teburin gyara da duk inda hannu zai taɓa, na sallama wa mai naɗi biyu. Amma a sitabilaiza da tada injin lantarki, har gobe ba wanda zai raba ni da oto.

Malamar Lantarki: A nan ba mu da saɓani. Ka dai tabbatar jikinta na da atin, wato wayar da ke haɗa shi da ƙasa.