Saba wa yara aikin gida: wanne ake fara ba su, kuma a ina ake kuskure?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Iyaye da kakanni, a taimaka da abin da aka gwada aka ga amfaninsa. Ba wa'azi nake nema ba, kowa ya san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A faɗa mana shekara nawa, wane aiki, me kuma yake ɓata lamarin.

Gwaggon Yara: Wa'alaikumus salam 'yata. Fara raba aike da aiki. "Miƙo min ludayi", "je ka sayo gishiri", duk aike ne. Yaro zai shekara goma yana yi, abin da zai koya kawai shi ne jiran a kira shi. Aiki kuwa shi ne wanda ya zama nasa, da lokacinsa, in bai yi ba kowa a gidan zai gani.

Ɗan shekara 4 zuwa 5, jera takalma a bakin ƙofa da tattara kofuna bayan an ci abinci sun ishe shi. Daga 6 sai shara. A samo masa ƙaramar tsintsiya daidai hannunsa, a nuna masa yadda ake buga gindinta a tafin hannu don tsinkayen su daidaita. Ya fara yayyafa ruwa, musamman da hunturu, in ba haka ba ƙurar ta koma kan kwanuka da randa. Ya faro daga lungu ya nufo ƙofa, ya bi bayan iska. Kuma shara ba ta ƙare ba sai an kwashe an mayar da tsintsiya mazauninta. A nan yawancin yara ke tsayawa: su tara a gefe su tafi wasa, kaji su baza. Kwana uku na farko ki yi yana kallo, kwana uku ku yi tare, sannan ki koma gefe. Babban kuskure shi ne uwa ta karɓi tsintsiya ta sake sharewa a gabansa. Kin gaya masa ke nan aikinsa banza ne. Nuna masa inda ya tsallake, shi ya koma.

Uwar Marayu: Gaskiya ne Gwaggo. Ni zan ƙara da wanke-wanke, daga shekara 7. Roba uku: ta kumfa, ta ɗauraya, ta ɗauraya ta biyu. A fara da kofuna da cokula, sai faranti, sai kwanukan miya, tukunya a ƙarshe. Yaro in aka bar shi da kansa kwanon manja yake fara tsomawa, ruwan ya yi ja, kofin shayi ya kwana yana ƙarni. Tukunyar tuwo kuma da an kwashe a zuba mata ruwa, kafin a gama cin abinci ta jiƙu. Omo kuwa, babba ne zai auna masa, cokali ɗaya ya wadatar, don in ya zuba da kansa rabin leda zai tafi. Tangaran, gilashi da wuƙa a ɗage su sai ya kai 10.

Baban Yara: Hajiya, kun tsaya kan tsintsiya da soso kamar 'ya'ya mata kaɗai ake haifa. Nana A'isha da aka tambaye ta abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. To namijin da ba ya iya wanke kofin da ya sha koko, wa ya gada?

Ga wanda ke da fili, kiwo ya fi komai, saboda dabba ba ta san "anjima" ba. In ba a ba ta ba, kukanta zai tona asiri. Ɗan shekara 7 a ba shi kaji: ya buɗe akurki da safe, ya watsa tsaba, ya sauya ruwa, da magariba ya ƙirga ya rufe. Ɗan 10 a ɗaura masa akuya ko tunkiya ɗaya: harawa safe da yamma, dusa a dama da ruwa da 'yar kanwa, a share turke kullum. Abu biyu ke kashe dabbar yaro. Ɗaya leda, ya riƙa tsince ta a tsakar gida. Ɗaya kuma tausayi: ya juye mata ragowar tuwo ko kwanon hatsi gaba ɗaya, cikinta ya kumbura cikin dare. In ta haihu, a ce ɗa ɗaya nasa ne, kuma a cika alkawari. Uban da ya sayar da ɗan akuyar yaro a ɓoye kada ya yi mamaki in harawa ta daina zuwa.

Maman Biyu: Ɗiban ruwa fa, Baba?

Baban Yara: Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, jarka mai lita 25 kilo 25 ke nan. Ba kayan ɗan shekara 8 ba ce. A ba shi galan mai lita 4 ko 5 ya yi sawu uku. Bakin rijiya kuwa babu yaro sai da babba.

Malamar Firamare: Ku duba agogo ma. Yaron da zai je boko da safe, ya dawo da azahar, ya wuce Islamiyya da la'asar, minti 20 zuwa 30 na aiki a ranar makaranta sun ishe shi. Wankin kayan makaranta da goge-goge a bar wa ƙarshen mako. A aji ana gane wanda ya kwana yana wanke-wanke: kafin tara ya fara gyangyaɗi. Kuma talla daban, aikin gida daban. Dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta yarda yaro ya yi wa danginsa aiki mara nauyi na gida ko gona, amma ta hana a ɗora masa kayan da za su cutar da girmansa, ta kuma hana kai shi aikatau wani gida.

Sai abu ɗaya da nake roƙo: kada a yi horo da aiki. "Tunda ka yi rashin kunya, je ka wanke banɗaki." Daga ranar nan ya ɗauka wankin banɗaki hukunci ne, har ya girma.

Uwar Marayu: Malama, biyan kuɗi fa? Wasu na ba da naira hamsin in an yi shara.

Malamar Firamare: A kan sharar ɗakin da yake kwana? A'a. Wata rana za ki ce ya kawo tabarma ya tambaye ki nawa. Amma aikin da dama kuɗi za a biya wani ya yi, kamar wanke babur ko ɓarar gyaɗa, a ba shi ladansa ya jefa a asusu.

Gwaggon Yara: A gidan yawa kuma a yi rabon aiki na mako, kada a yi na kullum. Na kullum shi ke kawo "ba ni ba ne, jiya na yi". A sauya duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a gaban kowa, kuma kada auta ya tsira don shi auta ne, ko ɗan riƙo ya zama shi ne jakin gidan. Wanda zai bar wanke-wanke sai ya miƙa soso da robobi a wanke kafin na gaba ya karɓa.