Layin dogo ya ratsa unguwarmu: in jirgi ya dawo, yaya za a yi da rumfuna da yara?

Baban Safiyya, Gombe

Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka san aikin reluwe su ba mu haske. Layin dogo ya bi ta bayan unguwarmu, kuma an daɗe rabon da a ga jirgi yana kai da kawowa. A wannan tsakanin layin ya zama hanyar kowa. 'Yan makaranta ta kansa suke bi, masu rake da masu tumatir sun kafa rumfuna har jikin ƙarfen, wasu sun mai da shi juji, 'yan acaɓa kuma sun cike tsakanin dogon da ƙasa sun yi wa kansu hanya. Yanzu ga maganar gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri ana ta yi. Shin taku nawa ya kamata mutum ya ja baya daga dogo? Cikin abubuwan nan wanne ya fi hatsari? In wani abu ya tare hanya, yaya ake tsayar da jirgi? Wani dattijo a nan cewa ya yi ai direba yana da birki, in ya hango mutane zai tsaya.

Tsohon Ma'aikaci, Bauchi

Wa alaikumus salam. Malam, ka gaya wa Baba, Allah ya ƙara masa lafiya, birki kam akwai, amma ba irin na mota ba ne. Tayar mota roba ce a kan kwalta, tana kama ƙasa. Ƙafar jirgi ƙarfe ce a kan ƙarfe, kuma inda suka haɗu bai wuce faɗin kwabo ba. Santsin da ya sa kan jirgi ɗaya yake jan tarago ashirin, shi ne kuma yake hana shi tsayawa da wuri. Ga shi birkin na iska ne. In direba ya ja, sai iskar ta ragu a cikin bututun da ya bi tarago bayan tarago, saboda haka na baya ba ya kamawa sai bayan wasu daƙiƙoƙi, a lokacin kuwa yana nan yana tura na gaba.

Yi lissafin da kanka. Jirgin da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa. In direba ya hango yaro a nisan mita 100, daƙiƙa shida ke tsakaninsu. Jirgin fasinja a wannan gudun yana bukatar fiye da mita 200 kafin ya tsaya cak, na kaya da aka loda ya ninka haka. Babban jirgin kaya mai gudun kilomita 90 yakan wuce kilomita ɗaya da rabi. In an yi yayyafi, ko ciyawa da mai sun shafi ƙarfen, nisan ƙaruwa yake yi. Kuma ba shi da sitiyari, balle ya kauce.

Batun ja da baya, a nan ne mutane suke yaudarar kansu. Layinmu na gabas ƙaramin layi ne, tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 1,067, wato ƙafa uku da rabi. Na Abuja zuwa Kaduna shi ne mai milimita 1,435. Amma taragon da ke hawa namu faɗinsa ya kusa mita uku, ka ga kowane gefe jikin jirgin ya zarce ƙarfen da kusan mita ɗaya. Wanda ya tsaya a bakin tsakuwar da aka shimfiɗa dogo a kanta yana ganin ya kauce, alhali yana cikin hanyar jirgi. Ƙara da ƙofar da aka bari a buɗe, ko igiya da tamfol da suka kwance suna lilo, ko iskar da ke fizgar babbar riga da hijabi. Mita uku daga ƙarfen shi ne mafi ƙaranci ga mai tafiya a ƙasa, mai abin hawa kuma ya tsaya a mita biyar. Rumfa ba ta da wuri a nan ko kaɗan, don ba hatsarin mai rumfar kaɗai ba ne, tana tare wa direba da mai tsallakawa ganin juna.

Kada kuma ku ce layin ya mutu. Ko babu jirgin fasinja, turolin masu duba layi, wato ƙaramin keken da ke bin dogo, ko kan jirgin aikin gyara na iya ɓullowa ba sanarwa, kuma a layin da ake gyara su ne suke fara zuwa.

Injiniya Ɗan Bajoga

Yallaɓai ya gama da maganar birki. Ni kan tambaya ta biyu zan tsaya, don abin da ke kayar da jirgi sau da yawa ba babban abu ba ne.

Hanyar da 'yan acaɓa suka cike da ƙasa ita ta fi damuna. Kowace ƙafar jirgi tana da leɓe ta ciki, mai zurfin kusan santimita uku, shi yake riƙe ta a kan dogo. A matsallakar da hukuma ta gina, ana barin wata kwarya mai faɗin yatsu uku a jikin ƙarfen ta ciki domin leɓen ya wuce. In aka cike wurin da jar ƙasa da duwatsu, babura da a-daidaita suka daddaƙe shi, rana ta gasa shi, ya zama kamar kankare. Leɓen sai ya hau kai, ƙafar ta ɗaga, tarago ya sauka daga layi. Tarago marar kaya ya fi saurin yin haka, don ba shi da nauyin da zai murƙushe ƙasar.

Sai tsakuwa. Masu kwasar ta a buhu suna zuba dakali suna ganin dutse ne kawai aka zubar. Ita ce ke riƙe silifa, wato ƙarfe ko katakon da aka ɗaura dogo a kansa, kada ya zame gefe, ita ce kuma ke tsane ruwa. Ƙarfe yana miƙewa da zafi. Sanda mai tsawon mita 12 tana ƙara kamar milimita biyar da rabi in zafinta ya hau da digiri 40, kuma wanda ya taɓa ɗora hannu kan dogo da azahar a watan Afrilu ya san ya fi iskar gari zafi nesa ba kusa ba. In babu tsakuwa a kafaɗar silifa, layin sai ya lanƙwashe kamar maciji. Haka in 'yan gwangwan suka kwance notunan farantin da ke haɗa sanda da sanda, ko suka zare maƙalan da ke danne dogo. Daga nesa layi lafiya lau, sai nauyi ya hau sannan ya buɗe.

Shara kuwa, ku mutanen Gombe kun fi kowa sanin aikin ruwa. Ƙasar garin yashi ce, kwari yana cin unguwanni kowace damina. Leda ta toshe kwalbati, ruwa ya taru a gefe ɗaya na tudun da layin yake kai, ya rarake ƙasa ta ƙarƙashi, a wayi gari dogo yana rataye a iska. Direba ba ya ganin wannan da dare. An shimfiɗa layin nan daga Kuru, kusa da Jos, ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964. Kwalbatocin an auna su ne da ruwan daji da gonaki, ba da ruwan rufin kwanon dubban gidajen da suka kewaye su yanzu ba.

Maman Khalil, Gombe

Allah ya saka da alheri. Sai dai a ce a tashi rumfuna abu ne mai sauƙin faɗa, mutanen nan da su suke ci da iyali. Yara kuma in an hana su bin layi, zagayen da za su yi zuwa makaranta ya yi nisa, gobe za su koma. Ni a ganina a nemi matsallaka ɗaya ta hukuma kusa da makarantar, a sa mutum safe da lokacin tashi, ya fi a yi ta yi musu tsawa. Abin da za a koya musu kuma kada ya yi yawa: a tsaya, a cire abin kunne, a duba dama da hagu, a tsallake kai tsaye ba gudu, a ƙetare ƙarfen kada a taka shi don santsi. Kada a shiga ƙarƙashin taragon da aka ajiye a tasha ko tsakanin biyu. Kada a bi gadar jirgi, don in ya taho babu inda za a raɓe.

Direban Tifa, Bauchi

Hajiya ta yi gaskiya, shinge ba matsallaka kwana biyu ake yanke shi. Bari in ƙara na masu mota. Ranar 9 ga Maris 2023 jirgin fasinja ya kwashi bas ɗin ma'aikatan gwamnatin Legas a matsallakar da ke Ikeja, mutum shida suka rasu a ranar, da dama suka ji rauni. Lokacin tafiya aiki ne, kowa yana sauri. Babban abu in yana tahowa ido yana ganin kamar a hankali yake tafe, shi ya sa ake cewa bari in wuce kafin ya iso.

Kada ka hau dogo sai ka ga akwai wurin da motarka za ta tsaya gaba ɗaya a ɗaya gefen. Sauke gilas, kashe rediyo, sa giya ta ɗaya ko ta biyu, kada ka canja a kan layi, nan mota take mutuwa. Mai tirela mai ƙasa da ciki ya duba tudun matsallakar tukuna, don cikin yana daram a kai tayoyi su rataye. In ta mutu a kan dogo, fara fitar da mutane kafin a yi maganar turi. In jirgi ya riga ya bayyana, a bar motar, a gudu ta ɓangaren da yake tahowa ana karkata nesa da layi, saboda tarkacen gaba zai watsu, inda jirgin ya nufa. Inda layi biyu ne, kamar cikin tasha, kada ka taso da zarar taragon ƙarshe ya wuce, wani na iya kasancewa a bayansa.

Tsohon Ma'aikaci, Bauchi

Malam Baban Safiyya, saura tambayarka ta uku. In itace ya faɗi, ko ruwa ya rarake layi, ko mota ta maƙale, tsayawa a wurin ana ɗaga hannu ba ya amfani, ka ga lissafin da na kawo. A tura mutum biyu, ɗaya kowane ɓangare, su bi gefen layi, ba tsakiyarsa ba, aƙalla mita 800 in hali ya yi, su tsaya inda za a hango su daga nesa, ba bayan kwana ba. Alamar tsayawa jan ƙyalle ne. In babu, a kaɗa kowane irin ƙyalle da ƙarfi ko a ɗaga hannu biyu sama da kai. Da dare tocila, a yi ta kaɗa ta gefe da gefe. Na uku ya kira shugaban tasha mafi kusa, don shi ke da ikon hana jirgi tasowa, sannan lambar gaggawa ta 112. Ku karɓi lambar shugaban tashar tun yanzu ku ba mai unguwa da shugaban 'yan acaɓa.

Filin da ke gefen layi na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, wadda aka kafa a 1955, kuma ofishinta na shiyyar arewa maso gabas yana nan Bauchi. Wanda aka sayar masa da fuloti a jikin dogo ya je can a nuna masa iyaka a taswira kafin ya ɗora bulo. Buƙatar matsallakar da Hajiya ta kawo ma can za a kai a rubuce, da hannun mai unguwa da shugaban makaranta, a faɗi wurin da yawan yaran da ke bi. Masu kwance ƙarfe kuwa, 'yan sandan reluwe ko Sibil Difens za a sanar, kada matasa su ce za su tare su da dare. Makiyayan da ke ratsa layi su ma a gaya musu su kora shanun a dunƙule a fili miƙaƙƙe, da mutum ɗaya yana duban hanya, kada su bar su suna kiwon ciyawar da ta tsiro tsakanin silifa.