An ce in ɗauki cikin wasu ma'aurata a biya ni, ina neman shawara

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni bazawara ce, shekarata 31, 'ya'yana biyu, ina sayar da abinci a Mararaba. Wata mata da ke yawan zuwa wurina ta ce akwai ma'aurata a Abuja da suka daɗe ba haihuwa, har an cire wa matar mahaifa. Suna neman wadda za a dasa wa ƙwan matar haɗe da maniyyin mijin a asibiti, ta raini cikin, ta haihu, ta ba su ɗansu. Kuɗin da ta ambata ya fi abin da nake samu a shekara biyu, ga kuɗin makarantar yara ya sha min kai. Tausayin matar ma ya kama ni sosai. Me ya kamata in sani kafin in ba ta amsa? Don Allah kada a zage ni.

Anti Ungozoma:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ba mai zagin ki. Na daɗe a ɗakin haihuwa, don haka ta wajen jiki zan yi miki magana. Wannan ba irin cikin da kika saba ba ne. Kafin dashen za a ɗora ki a kan magunguna don shirya mahaifa, bayan dashen kuma ki ci gaba da allura ko maganin matsi har wajen mako 10 zuwa 12. Ba lallai ya kama a karon farko ba. To idan bai kama ba, ko ya zube a wata na uku, me za a ba ki? Ki tambaya tun yanzu.

Abin da ya fi damuna shi ne yawan ƙwan da za a dasa. Wasu wuraren sukan sa biyu ko uku don kada kuɗin masu shi ya tafi a banza, ke kuma ki kwashi tagwaye. Cikin tagwaye ya fi zuwa da hawan jini, jijjiga, haihuwar bakwaini da zubar jini, kuma sau da yawa sai an yi tiyata. Idan aka yanka ki, tabon yana nan a mahaifarki ranar da kika sake aure kina son naki. Yaya haihuwarki biyun nan ta kasance? In kin taɓa hawan jini ko jini ya ɓalle miki, wallahi ni ban ba ki shawara ba. Sannan nono zai kawo bayan an tafi da jaririn, ki yi jego hannu ba komai. Na ga matan da suka rasa jariri a wannan hali, abin ba sauƙi.

Ɗan Zariya:
Hajiya, in ke Musulma ce ki fara da nan. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta taɓa yin sassauci a 1984 idan kishiya ce za ta ɗauki cikin, amma a 1985 ta janye. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta haramta a zamanta na Amman a 1986. Dalilinsu cakuɗuwar nasaba, da shigar maniyyin wanda ba mijinki ba cikin mahaifarki. Suna kuma kafa hujja da aya ta 2 a Suratul Mujadala, inda aka ce iyayensu mata su ne waɗanda suka haife su. A Iran an halatta, amma malamanmu na nan ba a kan wannan suke ba. Ki samu malamin da kika amince da shi ki zauna da shi.

Yar Lauya:
Yaya, har yanzu babu dokar tarayya a Najeriya da ta tsara aron mahaifa, takardar da kika sa wa hannu ita kaɗai ce madogararki. Dokar 'Yancin Yara ta 2003 kuma ta haramta saye da sayar da yaro, kuma NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, na kai samame gidajen da ake tara mata suna haihuwa ana sayarwa. Kada ki yarda a killace ki a wani gida ko a karɓe miki waya. Ki ga ma'auratan da idonki, ki ga asibitin. Lauyanki ya zama naki, ba nasu ba, FIDA, ƙungiyar lauyoyi mata, na taimaka wa mata kyauta. A rubuta wa zai ɗauki yaron idan ya zo da nakasa ko suka rabu kafin ki haihu, da abin da 'ya'yanki za su samu idan ta Allah ta kasance.

Maman Biyu:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti, haihuwata ta biyu an ƙara min jini leda biyu. Matar da ta kawo min maganar kuma ta ce ba a haɗa ni da ma'auratan, komai ta hannunta zai bi.

Anti Ungozoma:
To ƙanwata, wannan ƙarin jinin kaɗai ya isa likitan kirki ya dakatar da ke. Kada ki ɓoye shi don a ɗauke ki. Ita kuma mai cewa komai ta hannunta, ki tambaye ta sunan asibitin da likitan, ki je da kanki ba tare da ita ba. Maganar kuɗin makaranta ki turo min saƙo, muna da adashi na mata da za ki iya shiga.