Abin da aka tattauna kan ƙwayar filaksi a majalisarmu

Bayan sallar la'asar, a wani ƙauye kusa da Ringim, hira ta kai mu ga ƙwayar filaksi, wadda Larabawa ke kira bizrul kattan. 'Yar ƙwaya ce ruwan ƙasa mai sheƙi, ta ɗan ɗara riɗi girma. Wani ma'aikacin lafiya da ke cikinmu ne ya fi ba da haske.

Ya ce kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwayar mai ne, kuma fiye da rabin man nan omega-3 ne mai amfani ga zuciya. A wani bincike da aka wallafa a 2013, masu bincike a Kanada sun ba majinyata giram 30 na garinta kullum har wata shida, hawan jininsu ya sauka da kusan maki 10. Amma ya ja kunne sosai: kada kowa ya ajiye maganin asibiti saboda ita.

Inda aka fi daɗewa shi ne wajen sarrafawa. A daka ta ko a niƙa, domin in an haɗiye ta ɗungurungum haka za ta fita. A niƙa kaɗan-kaɗan, zafin garinmu na saurin lalata man. Cokali ɗaya ko biyu a koko ko fura ya isa, a bi da ruwa mai yawa, in ba haka ba ciki ya kumbura. Man ƙwayar kuma ba na suya ba ne.

Mai juna biyu da mai shan maganin tsinka jini su fara tambayar likita. Wani dattijo ya tambaya ko riɗin gonarsa zai maye gurbinta. Aka ce riɗi abinci ne mai kyau, sai dai omega-3 ɗinsa kaɗan ne.