An ba ni medisin amma sai nan da wajen rabin shekara za mu fara, me zan yi da lokacin?

Ɗan_Gwammaja:

Salam 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda ke karatun likitanci ko suka riga suka gama. Alhamdulillah sunana ya fito an ba ni MBBS wato digirin likita, na karɓa a CAPS, shafin admishan na JAMB, har na buga takardar admishan, to amma kalandar makarantar a baya take, 'yan aji ɗayan da ke gabanmu ko semesta ta biyu ba su gama ba, ana cewa mu sai nan da wajen rabin shekara za a kira mu rajista. Yanzu ni dai ga ni a gida ba aikin fari ba na baƙi, in yi asuba in koma barci, in farka in kama waya har la'asar.

Abba ya ce in dinga bin shi shago a Kantin Kwari. Wani abokina kuma da ke aji biyu a wata makarantar ya turo min PDF ɗin Guyton, littafin fiziyoloji, da wani na anatomi, wai in fara tun yanzu don duk wanda bai fara da wuri ba sai ya raina kansa. Na buɗe na gwada karantawa wlh ba abin da na fahimta sai ma tsoro da ya kama ni, har na fara tunanin anya zan iya kuwa. Yayata kuma cewa take in kwanta in huta abina don in na shiga ba sauran hutu. Kowa da tasa. Ku da kuka san hanyar me ya fi?

Shika_500L:

Wa alaikassalam, barka da arziki, Allah ya sa a gama lafiya.

Da farko rufe Guyton ɗin nan. Ba wai littafin ba shi da kyau ba, a'a, lokacinsa ne bai yi ba, kuma rashin fahimtar da ka yi ba alamar komai ba ce, kowa ma in ya buɗe shi ba malami ba lakca haka zai ji. Abokinka yana aji biyu shi ya sa yake ganin duniyar duk fiziyoloji ce, ya manta kai ta UTME ka shigo, aji ɗaya za ka fara, kuma aji ɗaya babu anatomi babu fiziyoloji babu gawa. Kemistiri ne da fizis da bayoloji da ɗan lissafi da kwasa-kwasan GST na gama-gari, tare da ɗaliban kimiyya za ku dinga cika ɗakin lakca.

Kuma abin da ba a cika gaya wa sababbi ba shi ne aji ɗayan nan da ake rainawa nan ne ake yin tankaɗe da rairaya. Samun admishan ba shi ne shiga medisin ba. Kowace makaranta akwai adadin ɗaliban da MDCN, hukumar da ke kula da likitoci, ta yarje mata ta horar, sannan akwai sharaɗin makin da sai ka kai shi za ka haye aji biyu, sharaɗin ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta don haka ka nemi na taku ka san shi tun kafin ka sa ƙafa. Na ga yara masu ƙoƙari, waɗanda suka zo da maki mai yawa a JAMB, sun ɗauka ai maimaicin sakandire ne suka saki jiki, fizis ɗaya ko oganik kemistiri ya kayar da su aka mayar da su wani kwas ɗin. Wasu har yau in mun haɗu abin na ci musu rai.

To in karatu kake son yi ga inda za ka sa ƙarfinka. Ka nemi wani ɗan aji ɗaya a makarantarku ya turo maka jerin darusan da tsofaffin tambayoyi. Ka dubi inda ka san kana da rauni tun sakandire, ka san kanka ai, wanda ka haddace don JAMB kawai ba ka gane shi ba. Yawanci sunayen sinadaran oganik ne da lissafin mol da su motsi da lantarki a fizis. Awa ɗaya ko biyu bayan asuba maimakon komawa barcin nan ta ishe ka, ba sai ka kwana kana karatu ba. Oganik ɗin ma ba asara ba ce don shi za ka tarar a bayokemistiri a aji biyu, wanda bai san yadda carbon ke haɗuwa da 'yan uwansa ba ranar da aka zana masa Krebs, zagayen sinadaran da jiki ke samar da kuzari da shi, a allo sai dai ya bi da ido.

Anatomi kuwa ka bar shi sai ka je. Ba a koyonsa daga PDF a kan katifa. Sai ka tsaya kan gawa, warin fomalin na sa ka hawaye, ka ɗaga jijiya da hannunka ka ga inda ta bi, sannan yake zama. Duk abin da ka haddace yanzu kafin ka kai aji biyu shekara ɗaya da rabi ta wuce, ya gudu. Zafin nema ba ya kawo samu.

Sarkin_Barci:

Malam yi barci. Wlh yi barci. Ka yi na yau ka yi na gobe ka ajiye na shekara shida in ana ajiyewa 😂 Ni ina aji uku babbar jarabawar MB na tafe, rabona da in kalli ƙwallo cikakkiya har na manta. Yayarka ita ce mai gaskiya a gidanku.

Dr_Ummu_Hanan:

Ƙanina barka, Allah ya yi jagora. Ni ina hausmanshif yanzu, wato aikin horon sabon likita a asibiti. Abin da Shika_500L ya faɗa kan aji ɗaya haka yake, ba zan maimaita ba. Zan faɗa maka waɗanda ba na littafi ba.

Na farko kuma wanda na fi so ka ɗauka da gaske, rigakafin ciwon hanta, hepatitis B. Allura uku ce, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida daga ta farkon. Ka ga kenan daidai da zaman da za ka yi. Ka je asibiti a fara yi maka gwajin jini a ga ko kana ɗauke da ita, in babu a fara maka. Cutar na da yawa a ƙasar nan kuma ta jini take bi, aikinmu kuwa allura ce da jini kullum, in ka fara shiga wad tsirewar allura ba abin mamaki ba ce ko ga wanda ya ƙware. Tun wajen 2004 ake ba jarirai ita a cikin rigakafin yara, don haka ka tambayi Umma ko katinka na nan, in ba a gan shi ba ko ba a tabbatar an kammala maka ba ka faɗa wa likitan da ka gani. Ɗalibai da yawa sai sun kai aji huɗu ake fara rige-rigen nema, ga fostin na zagaya sassan asibiti ga jarabawa, a yi ta farko a manta sauran. Idonka ma in kana matse shi kafin ka ga rubutu daga nesa ka je a duba, ɗakin lakcar aji ɗaya in ba ka yi sammako ba a can baya za ka zauna.

Na biyu, ka shiga kicin. Kar ka yi dariya. Ku maza kuna zuwa hostal ba ku iya komai ba sai indomi da ƙwai, wata biyu a fara kukan olsa da rashin kuɗi. Ka zauna kusa da Umma ko yayarka ka koyi dafa-duka, shinkafa da wake, miyar da za ta kwana biyu ba ta lalace ba, taliya da manja. Ka koyi wanki da guga da kanka don farar rigar lab ba ta ɓoye datti.

Na uku, in akwai wani naku da aka kwantar a asibiti, ka ce kai za ka yi jinya. Ba ina nufin ka je kana leƙen fayil ko kana cewa nas ai kai ma likita ne ba, kar ka soma, kuma kar ka yarda wani mai kemis ya ce zo in koya maka allura, ba lokacinka ba ne kuma ran mutum ne. Ka zauna a matsayin ɗan jinya kawai. Ka kwana a tabarma a baranda, a aike ka sayen magani ƙarfe biyun dare, ka bi layin biyan kuɗi, ka nemo mai ba da jini, ka tsaya ka ga yadda likitoci ke zuwa zagaye su yi ta Turanci a kan mara lafiya su wuce ba wanda ya juyo ya yi wa tsohuwa bayani da Hausa. Wannan ɓangaren in ka sa farar riga ba za ka sake ganinsa daga wannan gefen ba, kuma a wad ana gane waɗanda suka taɓa yin jinya daga yadda suke magana da dangin mara lafiya.

Sai karatun Alƙur'ani. In kana da hadda ka ƙarfafa ta yanzu, in saura kaɗan ka sauke to ka dage ka sauke, don in aka shiga aji biyu tilawar ma sai ka yi da gaske. Da zumunci, ka je ƙauye ka gaida kakanni ka kwana musu biyu. In ka kai ajin asibiti hutunku ba ya tafiya da na sauran ɗalibai, kowa ya tafi gida ku kuna wad, bukukuwa da sunaye da yawa sai dai a turo maka hoto.

Baban_Khalifa:

Ɗana, ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne kuma uban ɗaliba. Ka bi mahaifinka shago. Ba don kuɗin da za ka samo masa ba, yana da yara ai. Yana so ne ka zauna kusa da shi kafin ka tafi, mu iyaye ba ma iya faɗin haka da baki sai mu ce zo mu je kasuwa.

Kuma ka san karatun nan shekara shida ne a takarda kawai. A 2020 an rufe jami'o'i ga korona ga yajin aikin ASUU, a 2022 kuma an yi wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba yara na zaune a gida. 'Yata a Sudan take karatunta, muna ganin mun tsere wa yajin aiki, sai yaƙi ya tashi a watan Afrilun 2023 aka kwaso su, kafin ta samu inda za ta ci gaba an daɗe. Bayan an gama ma ga hausmanshif shekara ɗaya ga bautar ƙasa shekara ɗaya. Duk tsawon nan wanda ya iya wata sana'a ba ya zama ɗaya da wanda bai iya ba. In Kwari ba ta yi maka ba ka je Farm Centre ka koyi gyaran waya, ko ɗinki, abin da za ka iya taɓawa a ɗakinka ranar Asabar. Ɗan abin da ka tara kuma ka ajiye, kwamfuta da littattafai da kuɗin rajista ba wasa ba ne, ko mahaifinka na da hali zai ji daɗi ya ga ka kawo naka. Takardunka ma ka haɗa tun yanzu, ta haihuwa, ta ƙaramar hukuma, NIN, sakamakon WAEC ko NECO, ka tabbatar sunanka iri ɗaya ne a dukkansu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai_Anki:

Ni dai ban yarda da cewa kar ya taɓa komai na medisin ba gaba ɗaya. Guyton kam a'a, amma ya koyi YADDA ake karatu, don salon JAMB na a haddace tsofaffin tambayoyi ba zai kai shi ko'ina ba, a medisin 50 ce makin tsallakewa ba 40 ba kuma yawan abin ne ke kashe mutum ba wahalarsa ba. Ka sauke Anki, kyauta ce a Android da kwamfuta, kati kake yi da tambaya a gaba amsa a baya ita kuma ta dinga dawo maka da shi daidai lokacin da ka kusa mantawa. Ka gwada ta da kemistirin aji ɗayan ko sunayen ƙasusuwan jiki, 206 ne, don dai hannunka ya saba kafin a fara ruwan lakca. Ka kuma dinga karanta Turanci mai tsawo, ko littafin labari ne ko jarida, da yawanmu da muka fito daga makarantun gwamnati ba ƙwaƙwalwa ce ta ba mu matsala ba, saurin karatu ne, wani ya gama shafi goma kai kana na uku. Da taifin a kwamfuta. Shi kenan nawa.

Ɗan_Gwammaja:

Kai na gode ƙwarai wlh, Allah ya saka da alheri. Baba maganarka ta shige ni, gobe insha Allah tare za mu fita da Abba. Na goge PDF ɗin daga waya don in na gan shi gabana faɗuwa yake. Anti Dr na tambayi Umma ta ce katin ya ɓata tun tashinmu daga tsohon gida kuma ba ta tuna ko an gama min ba. In aka kira mu rajista kafin in yi ta ukun fa, sai an sake daga farko?

Dr_Ummu_Hanan:

A'a ba a sakewa daga farko. In lokacin ta ukun ya yi kana makaranta sai ka je asibitin makarantar ko na koyarwa a yi maka a can, ko ta ɗan makara ana ɗorawa ne daga inda aka tsaya. Ka dai riƙe katin da za su rubuta maka ranakun, ka ɗauki hotonsa a waya kar shi ma ya bi na farkon. Gwajin ka je ka yi cikin satin nan, kuma ka ja yayarka ku tafi tare ita ma a duba ta.