Wa ya kwashe Kogin Sambiri?

Razak, Aboabo, Kumasi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Yau kam ba zan yi shiru ba. Wata bakwai ke nan muna gina wannan duniyar tamu ta ƙirƙira, kowa da ƙasarsa a kan taswira ɗaya, kuma tun ranar farko muka ƙulla cewa duk abin da ya ratsa iyakar mutum biyu, ba mai taɓa shi sai da yardar maƙwabcinsa. Ƙasata Mazanga a bakin Kogin Sambiri take. Ni na raɗa masa suna, ni na zana shi da shuɗin biro a bayan kalandar shagon babana, tun daga duwatsun Dalmiya, ƙasar Fuseini, har inda ya faɗa teku. Na zuba dorina a gwiwar kogin, na kafa garuruwan masunta uku, har waƙar masu kwalekwale na rubuta. Jiya da daddare, an ɗauke mana wuta wayata ta mutu, sai Fuseini ya lallaɓo ya rubuta wai dutse ya zaftare a Dalmiya ya tare Sambiri, ruwan ya karkata gabas ya zama tafki. Na wayi gari dorinata na birgima a busasshen yashi. Bai tsaya nan ba, ya koro raƙuma ɗari biyar cikin kurmina wai suna kiwo. Wannan sata ce da rana tsaka. Mutum yana can dajinsa ba ruwa ba inuwa, sai ya miƙo hannu cikin ƙasar mutane.

Fuseini, Asawase: Dajin wa?

Razak: Ka ji abin da na ce.

Fuseini: Na ji. So nake ka maimaita kowa ya gani. Dalmiya tana da birni mai ƙofa tara, da kasuwar gishiri, da makarantar da na ɓata dare biyu ina tsara ta. Ita ce daji? Wannan kalmar tun ina yaro nake jin ta. Ranar da aka kawo ni Kumasi daga Walewale, a tashar mota aka fara kirana ɗan daji. Ashe har cikin ƙasar da na ƙirƙira da hannuna za ta biyo ni.

Anti Memuna: Razak, ɗana, ba ka kyauta ba. Kakanka ma ba daga sama ya faɗo Aboabo ba, da ƙafarsa ya tako daga arewa. Ka janye.

Razak: Anti, wallahi ba Walewale nake nufi ba. Shi da kansa ya rubuta cewa Dalmiya ciyawa ce da ƙaya da kuka jefi-jefi. To me ake kiran wannan?

Malam Sani: Ku dakata, duk kun kauce. A Hausa daji ba zagi ba ne. Duk inda gari ya ƙare, gonaki suka ƙare, an shiga daji ke nan, ko jeji, ko dawa, shi ya sa ake cewa naman dawa da raƙumin dawa. Kurmi kuwa inda itatuwa suka haɗe kai har rana ba ta taɓa ƙasa. Hamada ita ce rairayi zalla. Saboda haka Dalmiya daji ce, Mazanga kurmi ce, ba wanda aka ci wa mutunci. Matsalar dai Hausar zango ce ta cakuɗe muku komai.

Ibrahim, Nima, Ankara (Accra): Ga shi nan. Na san sai an zo nan. Malam ya yi shekara huɗu a Kano ya dawo mana da sanda.

Malam Sani: Shekara shida ne. Kuma ba laifina ba ne idan mutum ya ce "matata ya zo".

Anti Memuna: Malam, da wannan Hausar da kake rainawa aka yi maka huɗuba ranar suna. Da ita uwarka take sayar da koko da ƙosai har ta biya maka kuɗin motar Kanon. Kalma tana da ma'anarta a ƙamus, tana kuma da nauyinta a bakin titi. Je kasuwar Kejetia ka kira ɗan dako ɗan daji, ka ga ko zai tambaye ka shafi nawa.

Ayisha: Don Allah iyayena da yayyena, an bar jaki ana dukan taiki. Maganar kogi ce fa. Yaya Razak, in mafarin Sambiri a duwatsun Dalmiya yake, to ba naka ba ne kai kaɗai, haka duk duniya take. Dubi Volta: Farar da Baƙar duk daga Burkina Faso suke gangarowa, kuma ƙasashe shida ne ke zuba ruwa a kwarinsa. Idan aka buɗe madatsar Bagre wajen watan Agusta ko Satumba, gonakin bakin Farar Volta a arewacin Ghana ne ke nutsewa, Yaya Fuseini ya fi ni sanin wannan. Amma shi ma abin da ya rubuta bai zauna ba. Dutse in ya tare kogi, ruwa taruwa yake yi a bayansa har ya cika ya tsallake, ko ya fasa tarin duwatsun ya biyo tsohuwar hanyarsa da ƙarfi. Ba ya ɗaukar jakarsa ya yi gabas sai in can ne gangare, taswirarmu kuwa ta nuna tudu ne a gabas. Ga labari mai daɗi a nan da za ku rubuta tare: shekara biyu Mazanga tana fari, masunta sun koma haƙar rijiya a cikin kogi, rana ɗaya kuma dutsen ya fashe. Madatsar Akosombo ma da aka gama a 1965 sai da aka tashi mutane kusan 80,000 daga garuruwansu, kuma kowa ya ga abin da ya sami garin Mepe a 2023 da aka saki ruwa. Abin rubutawa ba ya ƙarewa.

Fuseini: Ƙanwata, na gode da karatu. Amma ni ba zan rubuta komai tare da wanda ya kira ƙasata daji ba.

Razak: Shi kuma ɓarawon kogi fa, a ba shi lambar yabo?

Fuseini: Yanzu kuma na zama ɓarawo. Jama'a ku shaida.

Malam Sani: A shari'a ma ba a kiran wannan sata, don sata sai an ɗauke abu daga ma'ajiyarsa a ɓoye. Wannan ƙwace ya fi kama da shi. Sai dai ni raƙuman nan ne suka tsaya mini a rai. Raƙumi ɗari biyar a kurmi? Ƙudan tsando zai bar su? Sammore zai kwantar da su kafin damina ta fita. Ku tambayi tarihin kakanninku. Ayarin fataucin Gwanja da jakuna yake tasowa daga Kano, ya yi wata da watanni a hanya, ya sauke a Salaga. Goro daga kurmin Asante a kan mutane ake ɗauko shi zuwa can, ba a bayan dabba ba. Shi ya sa sarakunan arewa suke da dawaki, Asante kuwa da ƙafa da bindiga suka yi yaƙinsu. Ƙuda ne ya shata wannan iyakar tun kafin Bature ya zo da taswirarsa.

Fuseini: Raƙuman Dalmiya ba irin na Agadez ba ne. Jininsu ɗaci gare shi, ƙuda ba ya sauka a kansu. Na rubuta tun watan jiya.

Razak: A ina? Nuna mana.

Fuseini: Yana cikin tsohuwar wayata da ta faɗa kwata.

Ibrahim: To in dai ana binciken dabbobi ne, ni ma ina da ƙara. Wa ya ba Alhaji izinin cika kan iyakata da beguwa? Duk inda mutanena suka taka ƙaya ce. Kuma ya rubuta wai in an kashe dubu, dubu za su fito. Wannan ai ba dabba ba ce, Kotoko ce, ƙungiyar ƙwallon Kumasi mai tambarin beguwa, ya shigo mana da ita ta bayan gida.

Alhaji Tanko: Beguwa halittar Allah ce, Ibrahim. Kai da ka dasa bishiyar tambarin Hearts, ƙungiyar ƙwallon Ankara, a tsakiyar fadarka, a wane dajin Ghana ka taɓa ganin ta tsiro?

Ibrahim: Tun 1911 take tsaye, ba ta faɗi ba. Ku tuna wanda ya zo har Kumasi ya ɗauke kofin Confederation na 2004 a gaban idonku.

Alhaji Tanko: Da bugun fenareti. Mu mun ci kofin Afirka a 1970, mun maimaita a 1983. Ku sau nawa? Ɗaya tal, a 2000.

Ibrahim: Lokacin da kuka ci naku talabijin ba ta da kala.

Anti Memuna: Ku 'yan Ankara ba ku da kunya. Kun zo zauren mutanen Kumasi, an ba ku fili kyauta a taswira, kuna zagin masu gida.

Ibrahim: Anti, fili ne ko kango? Kun ba ni bakin teku kun ce wai busasshe ne, ba ruwan sama.

Ayisha: Yaya Ibrahim, ai gidanku aka kwaikwaya. Ankara tana bakin teku amma ruwan da take samu a shekara bai kai rabin na Axim ba, shi ya sa filayenta ciyawa ce. Don Allah mu koma kan Sambiri. In tafki ake so dole, akwai Bosomtwe nan kusa da mu, ramin da dutse daga sama ya haƙa, ruwa na shiga ba ya fita. Yaya Fuseini ya yi irinsa a Dalmiya ya bar kogin ya wuce.

Malam Sani: "Tabki" ake rubutawa ko "tafki"? Na ga kowa da nasa.

Ibrahim: Malam, don girman Allah.

Razak: Ni har yanzu ba wanda ya ce mini komai kan dorinata. Dabbar nan yini take a ruwa, da dare take fitowa kiwo, fatarta ba ta jure rana. Na je Wechiau da ƙafata na gan su a Baƙar Volta, hanci da kunne kawai suke fitarwa. Kwana nawa za su yi a yashi?

Fuseini: Ka kai su daji.

Alhaji Tanko: To, ya isa haka. A matsayina na mai riƙe da zaure, ga abin da na fahimta daga bayanan kowa. An taru a kan cewa Razak ya yi kuskure da ya kira Dalmiya daji, kuma zai ba Fuseini haƙuri a bainar jama'a. Kalmar sata ba ta tabbata ba, Malam Sani ma ya faɗa. Zaftarewar dutse ikon Allah ce, ba a tuhumar mutum a kanta, don haka tafki yana nan inda yake. 'Yarmu Ayisha ta kawo misalin Bosomtwe, wanda ya nuna tafki irin wannan abu ne mai yiwuwa. Raƙuma za su koma gida saboda ƙuda, sai dai a bar hamsin a bakin kurmi don gwaji. Beguwa ba ta cikin ƙarar da aka shigar. Ibrahim kuma ya kiyaye harshensa a kan manya. Allah ya ba mu haƙurin zama da juna.

Ayisha: Baba Alhaji, ba haka na ce ba. Malam ma ƙwace ya ce.

Razak: Jama'a ku buɗe taswira ku duba gabas. Sabon tafkin a kan iyakar wa ya tsaya? Yelwanga, ƙasar Alhaji, wadda tun farko ba ta da ko rafi. Yau da asuba har ya zana mata tashar jiragen ruwa. Kuma ƙanwar matar Alhaji Fuseini yake nema, kowa ya sani.

Alhaji Tanko: An rufe wannan magana. Mai son dorina ya kawo su tafki, akwai wuri, kuɗin shiga buhun gishiri biyu kowace kai.